Makullan da Ke Bangon Teta Zumreta

Tun kafin a ce uffan Almedina ta san akwai magana, domin Teta Zumreta, kamar ka ce Goggo Zumreta, ta zuba mata kofi ba ta turo mata kwanon sukari ba. Duk wanda ya san gidan nan ya san fassarar haka. Mirzet, autan Teta, wanda zobensa ke yatsan Almedina tun farkon bazara, yana raɓe a bakin ƙofar kicin cikin rigarsa ta direbobin bas, sai duba agogo yake kamar agogon ne zai cece shi.

"An ce kin je birnin Zenica ranar Litinin," in ji Teta.

"Na je, Teta."

"Kasuwa?"

"Intabiyu na je. Kwalejin koyon sana'a, sashen aikin jinya. Na gaya wa Mirzet..."

"Kin gaya wa Mirzet!" Teta ta dangwarar da butar kofi har ya fantsama. "Ni kuwa sai a bakin Fikreta mai kanti zan ji, tana auna mini gishiri tana yi mini barka! Tashi, yarinya. Tashi ki dubi bangon can!"

Almedina ba ta buƙatar dubawa. Kowa a ƙauyenmu ya san bangon. Bayan ƙofar kicin an jera ƙusoshi, kowace da makulli a rataye, kowane makulli da ɗan ƙyallen da Teta ta ɗaura masa don ta gane shi. Wasu na gidajen da aka rufe ne, masu su sun tafi Jamus da Ostiriya, ita ke zuwa ta buɗe tagogi iska ta shiga. Wasu kuma na tsofaffin da aka bari su kaɗai ne, 'ya'yansu sun damƙa mata suna cewa, "Teta, ko da wani abu zai faru."

Ta ɗora yatsa a kan mai jan ƙyalle. "Wannan na gidan Senada ne da ke Zenica, 'yata ta cikina. Nas! Ta gama karatu, ta kwashe mini jikoki, yanzu tana can tana goge wa tsofaffin Jamusawa baki, ni kuwa a waya nake ganin haƙoran jikana suna fitowa. Wannan na Nedim ne, babban ɗana. Ya auri nas, ta ja shi kamar akuya. Saura guda ya rage mini, ga shi can tsaye kamar an dasa shi. Farar rigar nas ba riga ba ce, fasfo ce!"

"Mama, ai Almedina ba haka take ba," in ji Mirzet. "In kina so ta rantse miki..."

"Senada ma ta rantse! Hannunta a kan Alƙur'anin ubanta, Allah ya jiƙansa, a nan inda kake tsaye." Ta juya ta nuna bangon. "Ku ji ni da kyau. Na gama buga ƙusa a bangon nan. Ran da sunanki ya fito a makarantar can, ki ajiye mini zobe a kan tiren nan. Ko zobe, ko farar riga."

Almedina ta shanye kofinta da ɗacinsa, ta wanke ɗan kofin, ta yi sallama. Sai da ta wuce masallaci sannan ta saki kuka.

Gaskiya abin da ciwo. Yarinyar nan ba jiya ta fara wannan mafarki ba. Tun tana 'yar sakandare kakarta ta kwanta jinya mai tsawo, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ba wanda ya koya mata, domin ɗan asibitin ƙauye an rufe shi tun ran da nas ɗin ƙarshe ta hau bas. Bayan rasuwar tsohuwar ta shiga kamfanin ɗinkin takalma, ta yi shekaru tana harhaɗa fatu, zuciyarta na wani wuri. Yanzu da ƙofa ta fara buɗewa, sai ga shi ana so ta biya da Mirzet.

Da la'asar ya same ta a tashar ƙarshe, inda yake juya bas ɗinsa a gindin wata babbar bishiya. Ya sauko yana sosa ƙeya.

"Medina, na yi tunani. Mu tafi ofishin gunduma kawai, shaidu biyu, a ɗaura. In ta ga an gama za ta huce."

"Ba zan shiga gidanku ta taga ba, Mirzet."

"To ki janye takardunki bana. Bayan biki sai ki sake nema, a hankali, ba tare da ta..."

"Wato in yaudare ta da zobe a hannuna? Kai dai da tuƙi ka iya kwana, har a magana!"

"To me kike so in yi? Ita uwata ce, ke kuma..." Kunnuwansa suka yi ja.

Ta yi murmushi cikin hawaye. "Ni kuma me? Faɗi mana, direba."

"Ke kuma ba na iya cin abinci in kina fushi, shi ke nan, kin ji!"

"Ba na fushi. Ba zan janye ba, ba kuma zan yi faɗa da ita ba. Tsoro take ji, Mirzet, ba mugunta ba ce. In Allah ya sa na samu, zan kai mata zobenta da hannuna, in ya so ka zo ka yi ta zarya a ƙofar babana har ta gaji."

Haka aka yi ta tafiya. Almedina ba ta fasa abin da ta saba ba. In ta taso daga aiki takan bi Teta zagayen tsofaffi, tana riƙe mata kwanon miya. Teta kuwa maganarta da ita ba ta wuce "riƙe" da "ajiye". Matan ƙauye suka samu abin taunawa. Fikreta har fare ta sa da maƙwabciyarta a kan ba za a yi bikin ba.

Ranar Alhamis ce za a kafe sunayen waɗanda aka ɗauka a ƙofar kwalejin. Teta Zumreta ta san haka sarai, shi ya sa ta zaɓi ranar don dafa pekmez, wato 'ya'yan itace da ake dafawa har su narke su yi kauri kamar zuma. Shiliva, 'yar itacen da ake yin sa da ita, ta nuna ta cika buhuna, an cire ƙwallaye, an kafa ƙaton kasko a tsakar gida. Kun san aikin pekmez: tun safe har yamma ana juyawa da doguwar muciya, in ka ɗaga hannu na ɗan lokaci ya kama a ƙasa, na shekara guda ya tashi a banza. Da wuta ta kama sosai, sai Teta ta fito da gyalenta na unguwa.

"Kaina na sarawa, zan je asibiti a auna mini jini. Ki riƙe mini muciyar nan."

Almedina ta dube ta, ta dubi kaskon. Ta gane dabarar, wa ma ba zai gane ba? Ta karɓi muciya ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Teta."

"Kai kuma," Teta ta juya kan Mirzet da zai kai ta a bas, "in ka bi ta ƙofar makarantar nan ban yafe ba."

Wuni ne da Almedina ba za ta manta ba. Hayaƙi na cin idonta, pekmez na tsalle yana ƙona mata damtse, wayarta na can cikin jaka a ɗaki, ta ji ta yi ƙara har sau nawa ba ta isa ta je ba. Ta rasa ma wace addu'a za ta yi. In ta ce Allah ya ba ta, ta rasa Mirzet. In ta ce ya hana ta, ta ci amanar kakarta da kanta. Daga ƙarshe ta ce, "Ya Allah, kai ka san wanda ya fi," ta ci gaba da juyawa.

Rana ta karkata, pekmez ya yi baƙi ya yi kauri, sai ta ji bas ya tsaya a inda ba tasha ba, daidai ƙofar gida. Aka banko ƙyaure. Teta Zumreta ce, gyale ya zame, takalmi ɗaya a hannu, tana haki.

"Mushtuluk!" ta ƙwala. "Mushtuluk, yarinya! Ba ni tukwicina kafin in faɗa!"

Muciya ta kusa suɓucewa. A wurinmu ba a kiran mushtuluk sai da labari mai daɗi, kuma ba a buɗe baki sai an ba da tukwici. Amma wane labari ne mai daɗi a wurin Teta? Cewa ba a ɗauke ta ba? Ko an ɗauke ta, ta zo karɓar alkawari? Ko ta ina ta duba, abu ɗaya ne Teta ta taɓa nema a hannunta. Ta matse muciya a hammata, ta zare zoben, ta miƙa.

Teta ta zaro ido. "Ke! Mayar da shi kafin in make ki da takalmin nan! Zobe nake ci? An ɗauke ki, shashasha! Da idona na gani, na sa gilashi na sake gani, na sa wani ɗan sanda ya karanta mini!"

Almedina ta zauna daɓas a kan buhun shiliva. Mirzet ya yi tsalle ya cafe muciyar, yana juyawa yana dariya kamar wanda ya zare.

Teta ta jawo kujera ta zauna tana fifita da gyale. "Bari in gaya miki. Na yi zaman jira har ƙafata ta kumbura, nas guda ce ga jama'a cike da baranda. Da na shiga, wata dattijuwa ce, Sista Vahida, furfura fal kanta. Ta ɗaura mini abin awo, ta dubi katina ta ga sunan ƙauyenmu, ta ce, 'Ke ce mai makullai?' Na ce ikon Allah, har nan labarina ya zo? Ta ce tana cikin waɗanda suka yi muku intabiyu. Wai kowa suna tambayarsa, in an gama karatu sai ina? Wasu su yi ƙarya, wasu su ce Jamus kai tsaye. Ke kuwa..." Ta nuna ta da yatsa. "Ke kuwa kika ce surukarki na da makullan tsofaffi, tana kai musu miya, amma ran da ta buɗe ƙofa ta tarar da ɗaya daga cikinsu, Nana Hajrija, a ƙasa, tsayawa ta yi a kanta tana kuka ba ta san abin yi ba. Kika ce kina so ran da ta sake buɗe wata ƙofar, ya zama akwai wadda za ta kira. Kin je gaban likitoci kin tona mini asiri cewa na yi kuka!"

"Ki gafarce ni, Teta."

"Me ya hana ki gaya mini haka tun farko?"

"Kin bar ni na yi magana?"

Mirzet ya tuntsire da dariya. Teta ta wurga masa takalmin, ya kauce.

"Ko kin faɗa ma ba zan yarda ba," ta ce a hankali. "Abin da aka faɗa a gabana na sha jin irinsa. Wannan kuwa a bayan idona kika faɗa, ga mutanen da ba su san ni ba, ba ki kuma san zai dawo kunnena ba. Jinina ma da aka auna, Sista ta ce a sake, wai hawaye na ɓata awo."

"Teta, ban san gobe ba, ba zan rantse miki..."

"Kada ki rantse. Na ƙoshi da rantsuwa."

Ta miƙe ta shiga kicin. Suka ji tana bincike a akwatin kayan aikin marigayi, sai ƙarar ƙarfe, sai wani ɗan tsaki. Ta fito da filaya a hannu ɗaya, makulli mai jan ƙyalle a ɗayan, da wata lanƙwasasshiyar ƙusa.

"Gidan Senada na Zenica, ƙafa ma ta kai ki makaranta daga can. Na kira ta a cikin bas, ta ce ku zauna, ta gaji da biya wa gizo-gizo kuɗin wuta. A ɗaura aure kafin ƙanƙara ta sauko. Juma'a kuwa a nan za ku ci abinci, ban son jin wani uzuri." Ta danƙa mata makullin, ta ɗaga ƙusar tana kallo. "Tun da yara suka fara barin ƙauye bugawa nake. Yau ce rana ta farko da na cire."

Almedina ta rungume ta, hannuwanta duk pekmez, ta ɓata mata gyalen unguwa.

"To tukwicina fa?" in ji Teta bayan ta share hanci. "Ba a cinye mini mushtuluk."

"Me kike so, Mama?" in ji Almedina.

Teta ta ji sunan ya shige ta. "Ran da aka ba ki abin awon jini, hannuna ne na farko. Kuma in ya hau, ki ce laifin wancan ne." Ta waiwaya. "Mirzet! Juya daga ƙasa, kana kallon mace pekmez na kamawa!"

An yi biki kafin ƙanƙara, Fikreta ta faɗi fare, har yau tana cewa ita dama ta sani. 'Yan'uwana mata, abin lura a nan shi ne, Almedina ba ta yar da burinta don a so ta ba, ba ta kuma taka babba don ta cim ma burin ba. Ta riƙe muciya a ranar da ta fi kowace rana son ta sake ta, gaskiyar da ta faɗa a inda ba mai ganinta kuwa ita ta zo ta yi mata shaida. Iyaye kuma su sani, ba kowane mai neman ilimi ne ke neman hanyar gudu ba.

Ramin ƙusar yana nan a bangon kicin. Mirzet ya sha cewa zai toshe shi da siminti, Teta ta ce duk wanda ya taɓa mata shi sai ya gane kurensa.