Ƙwallo Uku da Tafki

An yi wata yarinya mai koyon wasan golf a wurin kakanta. Wata rana ya ba ta ƙwallo uku, ya ce ta buga su tsallaken tafki.

Ta kai bugu, amma sai ta yi saurin ɗaga kai don ganin inda ƙwallon zai sauka. Tsundum, ya faɗa ruwa! Na biyu ma ta ɗaga kai, tsundum!

Kakan ya ce, "Saura ɗaya, amaryata, in ya nutse sai gida. Kafe idonki a kan ƙwallon, kallon sama aikina ne."

Ta kafe ido, ta buga, ba ta ɗago ba.

"Tsoho, ban ji tsundum ba!"

"Ɗauko sandarki, yana can tsallake yana jiran ki."