Yatsan Da Ya Cinye Daddawar Firdausi

"Innalillahi! Sun sake cinyewa!"

Firdausi ta yi jifa da wayarta kan tabarma, saura ƙiris ta faɗa cikin kwandon kalwa.

Ko azahar ba a kira ba, kuɗin tallan da ta ware na yini guda sun ƙare ƙaf. Kuma ko mutum ɗaya bai ce a auna masa daddawar miya ɗaya ba.

Bari in warware muku, 'yan matana, don ni ma sai da aka zaunar da ni kafin in gane. Firdausi 'yar Malam Sabo ce, a wani ƙauye da ke bayan Tofa, inda gona ke jingine da gona kamar haƙora. Daddawa ta gada a wurin marigayiya mahaifiyarta, irin wadda ke tashin mai barci idan ta shiga tukunya. Da ta je koyon sana'a a birni, aka nuna mata tallan intanet: duk wanda ya rubuta "daddawa" a wurin bincike, sunanta zai fito a sama. Ba ta biyan komai sai an danna. Dannawa ɗaya, biya ɗaya.

Da fari abin ya yi albarka. Matan Abuja da na Legas suna oda, tana kai wa direbobi tasha. Da ribar take tara kayan ɗakinta, don daminar bara ba ta yi wa Baba kirki ba.

Sai azumi ya matso, manyan kantuna suka shigo suna takara a kan kalmar nan guda. Farashin dannawa ya ninka. Wannan kam ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne masu dannawa sun yi yawa kamar fari, masu saye kuwa ko na magani.

"Firdausi!"

Muryar Baba ce daga zaure. A cike ya kira sunan, alamar akwai magana. Ta ja mayafi, ta je ta durƙusa.

"Ina kuɗin tunkiyar da kika sayar?"

"Baba... talla ce ta ci."

"Talla?" Ya ajiye carbinsa. "Ni na san talla, yarinya ta ɗauki faranti ta dawo da ciniki. Wace irin talla ce ke cin tunkiya har da ƙaho?"

"Wallahi Baba farashin ne ya hau..."

"Ko dai saurayin naki Ikrima ne ya hau? An ce mini sabuwar taya ya sa wa babur ɗinsa."

"Baba!"

"Juma'ar nan iyayensa za su zo sa rana. To ki sani, ba zan ba da ke ga mai cin gumin mace tun tana gidan ubanta ba. Ko in ga inda kuɗin nan suka shiga, ko in aika musu su yi zamansu."

Ta tashi ta koma ciki. Ba sai an faɗa mata wanda ya kai maganar taya ba. Bilki ce, 'yar maƙwabtansu, wadda suka je koyon sana'ar tare, wadda kuma tun suna Islamiyya idonta ke kan Ikrima.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gida, da ƙurar gona har gwiwa, yana murmushin nan nasa da ke kashe mata jiki. Yau kam bai kashe komai ba.

"Gimbiyar ɗorawa, wa ya taɓa mini ke?"

"Don Allah Ikrima ka bar ni."

"Haba Fiddata... ko kallo ɗaya?"

"Kallo zai biya kuɗin talla ne?"

Ya gyara tsayuwa, ya bugi ƙirji. "In dai tallar nan ce, ki kwantar da hankalinki. Ina nan ina aiki a kanta ta ƙarƙashin ƙasa."

"Wane aiki? Kai da ko lambar sirrin wayarka sai na tuna maka?"

"Ke dai ki zuba ido. Kyautar ango ce, ba a faɗa."

Ta ja tsaki ta shige gida. Ba ta gaya masa maganar Baba ba, don ta san zuciyarsa, yana iya kwance tayar ya kai zaure.

Kwanakin nan Firdausi ba ta ga ta zama ba. Ta rage kuɗin yini, tallar ta ɓace tun hantsi. Ta ƙara, aka lashe. Ta sauya hoto, ta sauya rubutu, ta aika wa kamfanin ƙorafi, aka amsa mata da dogon Turanci mai ladabi wanda bai ce komai ba. Daddawa kuwa ta cika ɗaki, har ƙanwar Baba, Gwaggo Safiyatu, ta ce ko kaza ta shiga gidan sai ta fito da ƙanshin miya.

Ranar Alhamis aka yi suna a gidan Gwaggon. Firdausi na gindin murhu tana tuƙa tuwo, ido duk hayaƙi, sai ta ji Gwaggo ta ɗaga murya cikin mata.

"Af! Na manta ban yi wa 'yata na azahar ba. Ku fito da wayoyinku, jama'a, lada ne!"

Mata suka shiga kwance bakin zani. Firdausi ta saki muciya.

"Gwaggo, na azahar ɗin me?"

"Dannawa mana, 'yar nan!" Gwaggo ta miƙo wayar tana washe baki. "Kin ga, sai in ce da ita daddawa, sai ga sunanki ya fito, sai in dangwala. Bayan kowace salla nake yi. Asama'u ma har da wayar mijinta take haɗawa."

"Ni har da nafila," in ji Asama'u daga cikin matan.

Firdausi ta juyo ga Gwaggo.

"Wa... wa ya ce ku yi?"

"Angon naki mana! Ya bi gida gida, ya bi majalisa, har 'yan ƙwallo ya tara. Ya ce kowace dannawa ɗaga ki take sama. Ai yaron nan yana son ki, ko kasuwar Rimin Gado ya je sai ya karɓi wayoyin mutane ya danna."

Hawaye suka ɓalle mata, ga kuma wata dariyar takaici da ta taso mata ta danne. Ashe tunkiyarta ba ta yi nisa ba. 'Yan uwa ne suka yi watandarta da yatsa, kowa yana neman lada!

Ko wanke hannu ba ta yi ba ta kira shi.

"Ka zo zauren Baba yanzu."

"Lafiya, hasken..."

"Ka ajiye hasken nan, ka zo!"

Ya zo ya tsuguna gaban Malam Sabo, Gwaggo ta biyo baya da mayafi a karkace. Firdausi ta yi bayani: kowace dannawa daga aljihunta ake cira, kuma kafin matan Abuja su taso daga aiki su nema, mutanen ƙauye sun riga sun cinye rabon yinin.

Ikrima ya yi fari fat kamar an watsa masa toka.

"Kina nufin... ni ne?"

"Kai ne."

"Duk yawon nan da na sha? Har man babur na ƙona!"

"Wa ya ce maka haka ake yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Bilki na tambaya, tunda tare kuka koya. Na ce ta ba ni sirrin da zan taimake ki ba tare da kin sani ba. Ta ce a yi ta dannawa, kar a gaji."

Baba ya daɗe yana shafa gemu, don shi ya san bakin da ya kawo masa labarin taya.

"Tayar fa?" ya tambaya a hankali.

"Ta Sama'ilu ce, Baba, yayana. Aro ya ba ni, tawa ta fashe a hanyar Kunci... wurin kai dannawa."

Gwaggo ce ta fara fashewa. Baba ya yi ta maza, ya yi ta maza, sai ga kafaɗunsa suna rawa.

"To ai maganar da aka kawo mini ba ƙarya ba ce," in ji shi yana goge ido. "Kai ka ci kuɗin. Sai dai ban taɓa ganin ɓarawon da ya yi sata ya ƙara da man babur ɗinsa ba."

Firdausi dai ba ta yi dariya ba.

"Tunkiyar Innata ce, Ikrima. Jikar wadda ta bar mini."

Nan murmushin kowa ya ɗauke. Ikrima ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Ki yafe mini, Fidda. So ne ya yi mini yawa, ilimi ya yi kaɗan. Ɗorawar gonarmu ta gado, kalwar bana duk taki ce. Ni zan kaɗo, ni zan ɓare, ni zan kawo har bakin tukunya."

Ta kau da kai. Ta so ta riƙe fushin nan ko zuwa gobe ne, amma ina! Mutumin da ya bi gari gari yana roƙon wayoyin mutane saboda ita, yaya za a yi da shi?

"Har da itacen dahuwa," ta ce can ƙasa.

"Har da itace!"

A yammacin ta cire yankinsu gaba ɗaya daga inda tallar ke fita. Ta bar wa manyan kantuna kalmarsu mai tsada, ta koma "daddawar kalwa ta gida", wadda mai nemanta da gaske kaɗai ke rubutawa. Farashin bai koma kamar da ba, kar in yi muku ƙarya, amma kafin sati oda ta fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Bilki kuwa ba wanda ya ce mata uffan. Gwaggo ce kawai ta aika mata da ƙullin daddawa, ta ce tukwicin shawara ne.

Ranar Juma'a aka sa rana, biki sai bayan ƙaramar salla.

Da baƙi suka watse, Ikrima ya tsaya a ƙofar gida, ya soke hannayensa biyu cikin aljihu.

"Lafiya ka ɓoye hannu?" in ji Firdausi.

"Horo nake yi masa. Ya yi rantsuwa ba zai sake danna komai ba sai da izininki."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta farko tun shigowar watan.

Sai ga muryar Gwaggo daga cikin gida, a fusace:

"Ke Firdausi! Na ce daddawa har sau uku, sunanki bai fito ba! Ko in aro wayar Asama'u?"