Nauyin Faifan Da'u

Yammacin Laraba ne, irin wanda ba a sa ran komai a cikinsa. Awaki sun dawo da kansu, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gidan Malam Datti da ke Gaya. Shi kuwa yana zaune a kan tabarma gaban garmaho, kamar yadda ya yi kwana goma sha ɗaya a jere, yana jiran muryar da ta ƙi fitowa.

Malam Datti tsohon akawun ƙaramar hukuma ne, ya haura sittin. Mahaifinsa, Da'u mai kukuma na Toranke, ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara biyar. Yana tuna hularsa, yana tuna kaushin tafin hannunsa, amma muryar ta ɓace masa ƙaf. Abin da ya sani kawai shi ne an taɓa kai Da'u Kano aka ɗauki waƙarsa a faifai guda ɗaya tak. Wannan faifan ne babban ɗan Malam Datti, Abdullateef, mai gyaran rediyo a kasuwar Gaya, ya tsinto cikin wata tsohuwar adaka a kangon gidan kakansa. Ya ɗaure shi a bayan babur ya kawo, daga baya ya samo tsohon garmaho daga Kano, irin mai sarrafa kansa: ka ɗora faifai, ka danna, hannun garmahon ya tashi ya je ya sauke allura.

Sauran fayafayan da aka haɗo da garmahon duk sun yi. Na Da'u ne ya ƙi. Hannun zai tashi, ya tafi a hankali, ya goga gefen faifan, ya tsaya yana rawa, sa'an nan ya koma mazauninsa kamar wanda aka kora.

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji Abdullateef, ya ɗaga robar da faifai ke zama a kai. "Ka ga waɗannan 'yan fil guda biyu? Da su yake gane girman faifai. Ƙarami ɗaya yake dannewa, babba duka biyun. To na Kaka ya yi kauri, ya yi nauyi. Yana danne su har ƙasa, injin ya ruɗe, hannun kuma bai kai tsayin da zai haye shi ba."

"To ka ɗaga hannun."

"Na ɗaga, Baba. Sau uku."

Haka ne, ya ɗaga. Ya sauya roba, ya sa mai, ya sauke allurar da hannunsa ta zame ta faɗi gefe. Mai gyara dai bai taɓa yarda abu ya fi ƙarfinsa ba, sai dai ya ce kayan ne ba na asali ba. Amma shi ma a ransa ya lura da abin da bai faɗa ba: kullum faifan ƙara nauyi yake. Ranar farko da yatsa biyu ya ɗauke shi. Yau sai da ya sa hannu biyu.

Ladan ya kira magariba. Abdullateef ya zare wayar garmahon daga batirin sola, suka miƙe za su yi alwala. Sai suka ji ƙas. Faifan na juyawa, ga waya a yashe a ƙasa. Hannun ya tashi, ya je, ya dawo. Ya sake tashi, ya je, ya dawo. Tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗaki, wata ta biyo ta, sai kuma shiru mai nauyi, ko akuya ba ta motsa ba.

Hindatu, ƙanwar Abdullateef, malamar firamare ce, ita ke kula da uban tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta fito daga madafa da kwanon miya, ta tsaya cak. Kwanon ya suɓuce. Ta soma juyawa a inda take, a hankali, kanta a sunkuye, daidai da juyin faifan.

Kwana tara aka yi a haka. Da rana lafiyarta ƙalau, sai ciwon wuya da rashin cin abinci. Da magariba ta yi, garmaho ya tashi, jifa ya soma, ita kuma ta yi ta juyawa har ta zube. Aka kai ta asibiti, aka ce hutu take buƙata. Aka kulle garmahon a ɗaki, bai hana komai ba. Tsoro ma ya gaji ya bar gidan, sai gajiya ta zauna. Abdullateef ya ce a mayar da faifan Toranke. Malam Datti ya ce a ƙara kwana ɗaya, ko Allah zai sa ya yi. Washegari ma haka ya ce. Ba mugun uba ba ne, kowa ya shaida, amma kusan shekara sittin yana jiran muryar nan, kuma ga ta a cikin ɗakinsa.

Rana ta goma Abdullateef ya tafi Kademi ya ɗauko Malam Abdulmuttalib, dattijo marar yawan magana da ake kira a irin wannan lalura. Bayan la'asar suka iso. Malam ya dubi faifan bai taɓa ba.

"Yaushe ka ɗauko shi?"

"Dab da magariba, Allah gafarta Malam. Sauri nake."

"Ka yi sallama da ka shiga kangon? Ka yi bismilla da za ka buɗe adakar?"

Abdullateef ya sunkuyar da kai.

Malam ya sa aka zaunar da Hindatu a tabarma, aka lulluɓe ta, ya soma karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Can sai jikinta ya sandare, wata murya ta fito daga bakinta, ta tsoho tukuf, mai numfashi da ƙyar.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wane ne kai? Me ka zo yi jikin baiwar Allah?"

"Ban zo ba, kawo ni aka yi. Ni mai sauraron Da'u ne. A gindin tsamiyar ƙofar gidansa nake zama in yana goga kukuma. Da ya mutu ban sami wurin zuwa ba, na kwanta a kan abin da ya bari. Aka ɗauko ni ba sallama, aka ɗaure ni a babur. Kullum a ɗora ni a yi ta juya ni. Na tsufa da wannan, Malam. In jiri ya ɗebe ni, ita ce mafi kusa, sai in dafa ta."

"Kai ne nauyin," in ji Abdullateef a hankali.

"Fita za ka yi," Malam ya ce. "Jikinta ba masaukinka ba ne."

"Zan fita. A mayar da ni adakata, a rufe, kada a sake buɗewa. Amma faifan nan ya mutu tuni, zafi ya cinye layukansa, ko na sauka ba abin da za ku ji sai shuu. Waƙar tana wurina." Kan Hindatu ya juya wajen ubanta. "Datti, kai ne ƙaramin nan mai riƙe masa gora. Ka bar ni a jikinta zuwa isha, in rera maka da muryarsa, daga farko har ƙarshe."

"Ba a ciniki da su, Malam Datti," Malam Abdulmuttalib ya ce.

Malam Datti bai amsa ba. Shirun nan nasa aljanin ya ɗauka izini. Bakin Hindatu ya buɗe, ƙirjinta ya cika da iskar da ta fi ƙarfinsa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe kamar tsirkiya. Wani gunji mai zurfi ya fara tasowa, irin wanda mawaƙi ke yi kafin ya kama baiti. Malam Datti ya matso, ya karkata kunne. Da ya matso ɗin ne ya ga jini na bin hancinta, hawaye na zuba daga idanun da ba sa ganinsa.

Ya sa tafin hannu ya rufe mata baki.

"A'a," ya ce. "Ka riƙe abarka. Sakar mini 'yata."

Malam Abdulmuttalib ya ci gaba da karatu. Aljanin ya yi alkawari sau uku, ya yi sallama kamar baƙon da ya gaji da zama. Hindatu ta yi atishawa, ta sulale jikin ubanta. Abdullateef ya naɗe faifan a zane, ya yi bismilla, ya ce gobe da hantsi zai kai shi, ba da yamma ba.

Da Hindatu ta buɗe ido ta daɗe tana duban fuskar tsohon. Ta san abin da ya yi ta jira, ita ce ke kai masa abinci gaban garmahon yana hucewa bai ci ba.

"Baba," ta ce da dasasshiyar murya, "ka ji shi?"

Ya goge mata hanci da bakin rigarsa, ya miƙo kofi.

"Ban ji ba, uwata. Sha ruwa."