Ranar da Aka Wanke Kogon Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Wajen tsabta kam ba ta da na biyu. Idan ta ga takalmi a karkace, sai ta miƙe shi. Idan ta ga cokali a cikin kofi, ranta ya ɓaci ke nan. Babanta yakan tsokane ta ya ce, "Ku gyara zama, ga Sifeto nan tafe." Haka sunan ya bi ta har makaranta.

Tana da ƙane, Auta, ɗan shekara shida. Auta ba ya jin abubuwa yadda sauran yara suke ji. Ƙarar ƙararrawa tana sukar kunnensa kamar allura. Ƙamshi mai ƙarfi yana tayar masa da zuciya. Magana kuwa bai cika yi ba, sai kalma ɗaya ko biyu.

Ranar da aka kai shi aji ɗaya, shugaban makaranta ya ce wa Mama, "Za mu gwada shi wata guda. Idan ya iya zama har a tashi, ya zama namu. Idan abin ya yi masa nauyi, sai ya jira wata shekara."

Mama ta dawo gida cikin damuwa, don ta san Auta yana son makaranta.

Malamar aji ɗaya mace ce mai dabara. Ta kawo manyan soso guda shida ta ajiye a lungun aji. Kowanne yana da rigarsa mai zif. Biyu dogaye ne, biyu masu kusurwa uku, ɗaya zagaye, ɗaya kuma shimfiɗaɗɗe mai ɗan nauyi. Ana haɗa su a yi kujera, ko gado, ko gada.

Auta shi kogo ya yi da su. Da an kaɗa ƙararrawa sai ya ruga ciki. Ya ɗan jima, sannan ya fito ya koma kan bencinsa. Mako uku cur bai koma gida kafin a tashi ba.

Ranar Alhamis shara ta faɗo kan Sifeto. Aka tura ta aji ɗaya bayan yara sun tafi. Tana shiga idonta ya faɗa kan kogon. Ɗaya soson a karkace, ɗaya a jingine, rigunan duk sun yi dauɗa.

"A nan ƙanena yake kwanciya?" ta ce. "Ai kuwa yau za a gyara."

Ba ta tambayi kowa ba. Ta rushe kogon, ta zuge rigunan, ta cusa su a jaka. A gida ta wanke su da sabulunta mai ƙamshin lemo, ta zuba har ya yi yawa. Da sassafe ta riga kowa zuwa. Ta mayar da rigunan, ta fesa musu turaren Mama, ta jera su ɗaya kan ɗaya. Ta ja baya ta duba aikinta, tana jin kanta a sama.

Ƙarfe goma aka kaɗa ƙararrawa. Auta ya toshe kunnuwa ya ruga lungu. Babu kogo. Ya matsa kusa, ƙamshi ya buge shi. Sai ya fashe da kuka, ya shige ƙarƙashin tebur, ya dunƙule wuri ɗaya. Malama ta lallashe shi, ya ƙi fitowa. Dole aka kira Mama ta tafi da shi.

Aka kira Sifeto daga ajinsu.

"Ke kika share ajina jiya?" Malama ta tambaya.

"Ni ce, Malama. Har soson na wanke. Kin ga yadda suka yi fes?"

"Na gani. Kin tambayi mai kogon?"

"Auta? Ai ba ya magana sosai."

"Yana yi," in ji Malama. "Da hannunsa yake yi, da inda yake ajiye abu. Mako uku yana gina kogon nan. Yanzu shugaba ya ce ranar Litinin ce ta ƙarshe. Idan Auta bai kai tashi ba, sai baɗi."

Kunya ta kama Sifeto, hawaye suka zubo.

"Wallahi taimakonsa na so yi."

"Na sani. Share hawayenki. Kuka ba zai cire turare ba, ruwa ne zai cire."

Da yamma Baba ya kwaso soson duka shida a bayan mota ya kawo gida. Sifeto ta je gaban Mama ta sunkuyar da kai.

"Mama, ni na jawo. Kuma turarenki na fesa."

"Shi ya sa na ga kwalbar ta rame," Mama ta ce. "To, ga bokiti, ga famfo. Kada ki taɓa sabulu."

Ranar Asabar Sifeto ta ɗauraye rigunan da ruwa zalla. Ta shanya su, ta baza soson a rana. Da suka bushe ta kai wa Auta guda ɗaya. Ya shinshina, ya kau da kai. Ta koma famfo. Ta sake kawowa, ya ture. Sau biyar tana zuwa tana dawowa, har yatsunta suka yi yaushi.

Baba yana zaune yana kallo. Ya ce, "Yau Sifeto ta gamu da mai duba aikinta."

Ko dariya ba ta yi ba, don bayanta ciwo yake yi. A karo na shida Auta ya shinshina, ya daɗe. Sai ya manna rigar a kumatunsa, ya ƙi saki.

Ranar Lahadi aka mayar da rigunan. Sifeto ta ɗauki dogon soso za ta tsayar. Mama ta riƙe hannunta.

"Ke miƙo kawai. Shi ne magini."

Auta ya fara aiki. Ya tsayar da dogayen biyu. Ya ɗora masu kusurwa uku a sama. Ya toshe baya da zagayen. Sannan ya karkatar da dogon na hagu kaɗan. Hannun Sifeto ya fara ƙaiƙayi. Ta miƙa za ta daidaita, Auta ya ɗauke hannunta ya mayar mata kan cinya. Don kada ta sake, sai ta zauna a kan hannuwanta.

Auta ya shiga ciki ya ja shimfiɗaɗɗen ya rufa a bayansa. Sifeto ta kwanta a ƙasa ta leƙa. Sai ta ga ido ɗaya yana kallonta ta 'yar kafar da karkacewar ta bari.

"Mama, zo ki gani," ta ce a hankali. "Taga ce. Ashe da gangan yake karkata shi."

"Ta nan yake kallon allo idan yana ciki," in ji Mama. "Malama ta ce ko a kogo yake, ba ya rasa darasi. Nauyin da ke bayansa kuma shi ke kwantar masa da jiki."

Ranar Litinin suka isa makaranta da wuri, tare da soson. Sifeto tana miƙo soso, Auta yana gini, Malama tana tsaye ba ta sa baki ba. Da aka gama, Sifeto ta tafi ajinsu. Amma hankalinta yana aji ɗaya. Malamin lissafi ya tambaye ta bakwai sau takwas, ta ce, "Shida." Aji ya kwashe da dariya.

Ƙarfe goma ƙararrawa ta kaɗa. Sifeto ta ruga ta laɓe a bakin tagar aji ɗaya. Kogo yana nan, shiru. Ta ƙirga har ɗari a zuciyarta. Can sai ga ƙafa ta fito, sai ga kai. Auta ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya koma bencinsa ya ɗauki fensir.

Har aka tashi yana cikin aji. Shugaban makaranta ya zo da kansa, Mama tana biye da shi. Ya duba littafin Auta, ya ga layi uku na rubutu. Ya juya ya ce wa Mama, "Ku ɗinka masa rigar makaranta ta biyu. Wannan ɗalibinmu ne."

Mama ta rufe fuska da gyale tana hamdala. Sifeto kuwa tsalle ta fara yi. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta tuna kunnen Auta, ta toshe bakin da hannu biyu. Ta ci gaba da tsallenta shiru, farin ciki kamar ya fasa mata ƙirji.

Auta ya zo ya kama gefen rigarta ya ja ta lungu. Ya nuna ƙofar kogon.

"Yaya, shiga."

Ta durƙusa ta cusa kanta. Ƙafafunta duk suna waje. Auta ya ja shimfiɗaɗɗen soson ya rufa mata a baya da kansa.

Malama ta sunkuyo ta ce, "To, me kika koya?"

Muryar Sifeto ta fito daga cikin kogo. "Idan zan taimaki mutum, in fara tambayarsa. Idan ba ya faɗa da baki, in zauna in kalle shi har in gane. Abin da na ga a karkace, wataƙila shi ne daidai a wurinsa."

"To fito," in ji Malama, tana dariya. "Mai gida yana son ɗakinsa."