Tulun Mai Busa Sarewa Biyu

Sufeto Argiris Zervas yana kurɓar kofi aka bugo waya daga ƙaramin gidan tarihin garinsu, kusa da birnin Thiva, wai an sace wani tulu. Tun da aka binne Melina, yarinyar da ya riƙe ranar baftismarta, komai a bakinsa salam yake.

Shugabar gidan, Madam Fotini, ta nuna masa baƙin tulu cikin gilashi. A jikinsa an zana budurwa tana busa sarewa biyu lokaci guda, kumatu a kumbure.

"To ai ga tulun nan," in ji shi.

"Jabu ne, Sufeto. Na ainihin ya haura shekara dubu biyu. Wannan ko ƙurar bara bai gani ba."

"An fasa ƙofa?"

"Ko ƙwarzane babu."

Maigadi ya rantse da Budurwa Maryamu bai taɓa runtsawa a bakin aiki ba.

"Kai da minsharinka ke hana karnukan unguwa barci?" in ji Sufeto.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Maigadi ya sosa ƙeya, ya ce akwai wani mabuɗin a hannun Lefteris mai gyaran tsofaffin tukwane. Mahaifin Melina ke nan.

Sufeto ya koma gaban gilashin. A girar mai busar akwai ɗan tabo, wanda babu shi a hoton tulun na ainihi. Ya san tabon. Yana wurin ranar da Melina ta faɗo daga itacen zaitun.

Ya tarar da Lefteris zaune a shagonsa, hannu a cinya.

"Ɗan'uwa, ni ban san komai ba."

"Hannunka ya tona ka. Girar Melina ka zana mata."

Lefteris ya sunkuyar da kai. "Tana kwance asibiti na yi shi. Ban ma san na sa tabon ba."

"Ina tulun na ainihi?"

"Yana gefenta, cikin akwatin gawa. Daga kabarin wata yarinya aka ɗauko shi, tawa ma mai busa ce. Ka bari ta cika shekara uku a kabari. Ranar da za a tono ƙasusuwanta a wanke kamar na kowa, yadda al'adarmu take, ku ɗauki abinku."

Sufeto ya lalubi baƙin ciki a ransa, bai samu komai ba, sai gajiya.

"Doka ba za ta jira ba. Gobe za a tone. Ɗauko rigarka."

A bakin mota Lefteris ya tsaya.

"Wa zai gaya wa uwarta?"

Sufeto ya buɗe masa ƙofa. "Ni," in ji shi.