Cikinta Ya Warke, Ita Fa?

Da faɗa suka fara. Delu ta tare Labbo, ma'aikacin jinya, a ƙofar asibiti, idonta jajir saboda ƙanwarta.

"Kai ne ka ce Asabe ta warke?"

"An wanke mata ciki, ta warke."

"Cikinta ya warke, ita hwa? Yarinya ta sha maganin ƙwarin wake da hannunta, ku sallame ta ba ku gaya ma likitan ƙwaƙwalwa na garin Tawa ba? Mu koma Bazaga mu yi ta gadin rijiya ke nan?"

 Abin haushi, gaskiyarta ce. Su Labbo suna gyaran jiki, na Tawa suna duba hankali, babu mai ko gaisa da wani, yara suna faɗawa tsakani.

Ranar hutunsa ya sa su a motar haya, ya danƙa Asabe ga likitan hannu da hannu, ya zayyana duk maganin da aka ba ta. Ya mayar da abin na kowane wata, ranar Laraba. A wannan hanya ya raɗa wa Delu suna Barkonona.

Da ya ce Delu zai aura, mahaifiyarsa ta yi tsalle ta dire, ba ta haɗa jini da gidan masu taɓin hankali. Delu ta ji, ta daina fitowa zance. Sai ya aiko mata kaset.

"Barkonona, in hushi kike, ki yi da ni. Amma Laraba na nan, ki shirya Asabe."

Tana kuka tana masifa, ta shirya ta.

Da tsohuwa ta ga ɗanta ya ƙi kallon kowace mace, ta sauko. Dangi kuma suka sa ɗaurin aure daidai ranar ganin likita, wai fashin wata guda ba komai ba ne. Delu ta cika ta yi fam.

Liman ya ɗaura, aka shafa fatiha, aka nemi ango aka rasa. Ƙawaye har sun fara cewa ya gudu. Da la'asar sai ga shi, babbar riga duk ta yamutse, Asabe na bayansa riƙe da maganinta tana murmushi.

Delu ta taso masa. "Ina ka tahi ranar aurenka?"

"Aure, wakili na iya amsar mini. Asabe ba ta da wakili, Barkonona."

 Delu ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na zuba.

"Allah shi bar mu tare," ta ce a hankali.

Asabe ce ta fara cewa amin.