Sunan Mai Sinima

Shekara talatin da ɗaya ina gadin tsohon gidan sinima na bayan tasha a Dutse. Wani Kwara ne, Balarabe ɗan kasuwa, ya gina shi, da irinsa uku a wasu garuruwa. Da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Alhaji Jaji. Alhaji ya rasu, magada suka raba, namu ya faɗa hannun Hajiya Safiyatu, ta mai da shi gidan kallon ƙwallo.

Akwai ƙa'idar da maigadin farko ya bar min. Duk ranar da gidan ya canja hannu, da magariba zan shiga ni kaɗai, in yi sallama, in faɗi sunan sabon mai shi da na ubansa. Akwai masu zama a wurin tun ba a aza tubali ba. Suna son sanin a gidan wa suke. Wanda aka ambata, shi zai riƙa yi musu turare duk Alhamis.

Bara wani kamfani daga Abuja ya saye duka huɗun. Suka aiko manaja, Talha ɗan Malam Yahuza. Mutumin kirki. Da ya ji tarina, da kansa ya kai ni asibiti.

Na gaya masa ƙa'idar. Ya yi dariya.

"Baba, kamfani ba shi da uba. Shiga ka faɗa musu haka."

Na shiga ana kiran salla. Warin kashin jemage ne ya tare ni. Ina kaiwa tsakiya ya koma ƙanshin soyayyiyar gyaɗa da hayaƙin taba.

Na yi sallama. Aka amsa. Murya da yawa, ƙasa-ƙasa.

Benci ya yi ƙara. Wani ma ya yi. Ba kowa a kai.

A ɗakin sama tsohon injin haska fim ya tashi, tar-tar-tar. Rabonsa da aiki shekara ashirin. Haske ya faɗa a bango, kawuna suka fito a jere a cikinsa.

"Wa ya saya?" Daf da kunnena.

Na faɗi sunan kamfanin.

"Ɗan wa?"

"Ba mutum ba ne."

Ƙofa ta rufe a bayana. Na ji sakata ta shiga.

"To, kai ne. Zauna."

Hannu mai sanyi ya danna kafaɗata. Na kama Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi juyawa. Gwiwata ta taɓa benci.

"Talha," na ce. "Ɗan Malam Yahuza."

Sakata ta zame. Da rarrafe na fita.

Washegari na roƙe shi ya yi turaren. Ya sake dariya, ya dafa ni.

Kamfanin bai taɓa buɗe gidan ba, sun sayar wa wasu tun da damina. Ba wanda ya shiga ya faɗi sabon suna. Ni kam na kasa.

Matar Talha ta kai shi wurin malamai uku. Har yau duk Alhamis da magariba yana cikin sinimar, a bencin gaba, yana kallon bango.

In na wuce yakan gaishe ni. Bai san ni na faɗa ba.